Gidan Adana Halittun Hamadar Sonora a Arizona

Gidan adana halittun hamadar Sonora, wanda sunansa na rajista shi ne Arizona-Sonora Desert Museum, yana yamma da birnin Tucson a jihar Arizona ta Amurka, dab da gandun Saguaro na gwamnatin tarayya. Sunan gidan tarihi ne dai a jikinsa, amma duk wanda ya je da tunanin zai shiga ɗaki mai sanyi ya kalli kaya cikin gilashi to zai sha mamaki, don kusan kashi 85 cikin 100 na abin kallon a waje yake, cikin rana, kuma yawancinsu masu rai ne. Gidan zu ne, lambun tsirrai ne, akwai wajen kifaye da zauren zane-zane, duk a haɗe.

An buɗe shi ranar 1 ga Satumba 1952. William H. Carr ne ya kawo shawarar, Arthur Pack kuma ya sa kuɗi, suka fara da 'yan tsofaffin gine-ginen ƙasa da aka yi tun shekarun 1930 da 'yan dabbobi kaɗan, ƙaramin wuri ne sosai a lokacin. Yanzu filin ya kai eka 98, hanyar ƙafa ta zagayawa ta ɗan wuce kilomita 3, da nau'in dabbobi wajen 230 da na tsirrai wajen 1,200.

Ƙa'idar gidan guda ce, kuma ita ce ta bambanta shi da sauran gidajen zu: ba a kawo giwa ko raƙumin dawa don jan 'yan kallo, abin da ke yankin Sonora kaɗai ake nunawa, wato kudancin Arizona da wani yanki na Kalifoniya da arewa maso yammacin Meziko har bakin Tekun Kalifoniya. Shi ya sa za ka ga kifi a gidan hamada, ai hamadar har bakin teku ta kai. Akwai zakin dutse wanda shi ne tambarin gidan, da kyarkecin Meziko da ya kusa ƙarewa a doron ƙasa kafin a fara kiwonsa a killace, da koyote ɗan uwan dila, da habalina mai kama da gadu amma ba alade ba ne, da ragon dutse, da macizai masu kaɗa wutsiya tana ƙara, da ƙadangaren Gila mai dafi. Wasu wuraren shingen siririn waya ne da ido ba ya saurin kamawa, sai ka ga kamar dabbar tana yawonta ne a daji, wani lokacin ma ka tsaya ka yi ta dube-dube ba ka ga komai ba don ta shige inuwa ta kwanta abinta.

Sarkin tsirran wajen kam saguwaro ne, dogon icen ƙaya marar ganye da ke tara ruwa a jikinsa, yana iya wuce mita 12, yana rayuwa shekara 150 zuwa 200, kuma sai ya yi shekara 50 ko fiye kafin ya fitar da reshen farko. A hamadar Sonora kaɗai yake fitowa da kansa. Mutanen Tohono O'odham, 'yan asalin wurin, suna tsinkar 'ya'yansa a watan Yuni da dogayen sanduna. Abin da ya sa wannan hamada take da tsirrai haka shi ne ruwa sau biyu take samu a shekara, yayyafin lokacin sanyi da kuma ruwan tsawa na Yuli zuwa Satumba, duk da cewa jimillarsa a Tucson wajen milimita 300 ne kawai.

Mai ziyara gara ya yi sammako. Da rani zafi yana wuce digiri 40, dabbobin ma da safe suke motsi, har man kare fata daga rana ake ajiyewa a banɗakunan gidan. A watannin sanyi ake sakin tsuntsayen farauta su yi shawagi babu igiya, musamman shahon Harris da ke farauta a ƙungiya, suna wucewa dab da kawunan mutane. Akwai kuma kogon da aka gina da hannu mai nuna duwatsu da ma'adinai, da kejin ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure da mutum ke shiga ciki, ga 'yan sa-kai da aka horar suna tsaye a hanya suna bayani.

Ɓangaren aikin gidan da ya fi shafar Afirka shi ne yaƙi da wata ciyawa, Cenchrus ciliaris, 'yar uwar ƙarangiya, wadda asalinta Afirka ne da wasu sassan Asiya. An kai ta Arizona tun shekarun 1930 don kiwon shanu da hana zaizayar ƙasa, kuma ciyawa ce mai kyau ga dabba, ba laifinta ba ne. Matsalar ita ce a da akwai fili fetal tsakanin tsiro da tsiro a Sonora, wuta ba ta samun abin bi, sai ciyawar ta zo ta cike gurbin, in ta bushe ta kama wuta sai ta ƙone saguwaro ɗan shekara 100 wanda bai saba da gobara ba, ita kuwa ruwa na sauka ta sake tsirowa daga saiwa. Gidan yana cikin masu jagorantar aikin kawar da ita a kewayen Tucson, 'yan sa-kai suna hawa duwatsu da sandunan ƙarfe suna tumɓuke ta da saiwarta, in ta yi kore bayan ruwa kuma a yi mata feshi. A tsallaken iyaka kuwa, a jihar Sonora ta Meziko, masu garken shanu sun shuka ta a manyan filaye don kiwo, iska da motoci kuma ba su daina yaɗa irinta ba.