Rayuwar sojojin ruwa a jirgin yaƙin distiroya

Distiroya jirgin yaƙi ne siriri mai tsananin gudu, wanda babban aikinsa shi ne rakiyar wasu jirage da farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Ingila ce ta fara ƙera shi wajen 1893, don maganin ƙananan jiragen da ke harba tofido, wato makamin da ke tafiya a cikin ruwa ya huda gindin jirgi. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, aikinsa ya zama tamkar na masu gadin ayarin fatake: jiragen kaya suna tafe a jere, shi yana kewaya su.

An yi wa jirgin gudu, ba a yi masa sulke ba. Ƙarfen jikinsa bai kai kaurin yatsa ba, shi ya sa sojojin Amurka suke kiransa gwangwani. Samfurin Fletcher, wanda Amurka ta ƙera guda 175, tsawonsa kusan mita 115 ne, yana ɗaukar mutum 300 da 'yan kai. Inji da makamai sun cinye yawancin cikinsa, abin da ya rage shi mutane ke rabawa. A jiragen Ingila ƙananan sojoji a ragaya suke kwana, a ɗakin da suke cin abinci. Akan yi aikin gadi awa huɗu huɗu, dare da rana, amma da zarar ƙararrawar hari ta kaɗa kowa zai koma gurbinsa, ko da yanzu ya sa haƙarƙarinsa. Ruwan sha daga na teku ake tacewa, kuma tukunyar tururin inji ce ke fara samun rabonta, don haka wanka sai an yi sa'a.

Wahalar ta danganta da tekun. A arewacin Atilantika sanyi ne da igiyar ruwa, tufafi ba sa bushewa, sabon shiga kuma ya yi ta jiri da amai. A gaɓar Afirka ta Yamma zafi ne. Da dare ana rufe kowace kafa don kada haske ya tona asirin jirgi, sai cikinsa ya koma kamar tanderu, musamman ɗakin inji. Ga ƙuraje, ga zazzaɓin cizon sauro ga wanda ya sauka tudu.

Faɗan kansa kuwa yawanci da kunne ake yinsa. Mutum ɗaya yana zaune da na'urar Asdik yana sauraren amsa-kuwwar jirgin Jamus da ke ƙarƙashin ruwa. In an ji shi, sai a bi ta kansa a sako bama-bamai masu kamar ganga, waɗanda ke fashewa a zurfin da aka saita. Sau da yawa ba a sanin ko an dace. Abu mafi ciwo shi ne idan an nutsar da jirgin kaya, mutane na ihu a cikin ruwa da mai, kwamanda kuma bai isa ya tsaya ba muddin maharin na kusa, don jirgin da ya tsaya shi ne abin harbi na gaba.

A tekun Fasifik, ran 25 ga Oktoba 1944, distiroyar Amurka mai suna Johnston ƙarƙashin Kwamanda Ernest Evans ya tunkari manyan jiragen Japan kusa da tsibirin Samar na ƙasar Filifin har aka nutsar da shi. A Disambar shekarar guguwa kaɗai ta kifar da distiroya uku, Hull da Monaghan da Spence, mutum kusan 790 suka halaka a rundunar Amurka ba tare da harbin maƙiyi ba.

Legas ta ga gefen wannan yaƙi. Babbar matattarar ayarin jirage a yankin Firitawun ce ta Saliyo, inda ake haɗa su a nufi Ingila, amma gyaɗar Kano da kuzar Jos da manja ta Apapa da sauran tashoshin Najeriya suke fita. Ta teku kuma aka kwashi rundunar sojojin Afirka ta Yamma ta 81 a 1943 da ta 82 a 1944 zuwa Indiya, a kan hanyar Yaƙin Bama. Hausawa da yawa a cikinsu, waɗanda ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce Kwara ba, suka shafe makonni a teku, ransu a hannun jiragen rakiya.

Rundunar sojan ruwan Najeriya sai a 1956 aka kafa ta, kuma manyan jiragenta na yaƙi samfurin firiget ne, ƙanin distiroya. Wanda aka fi sani shi ne Aradu, ƙirar Hambag ta Jamus, da ya fara aiki a 1982. Sunansa Hausa ne tsantsa, kuma ya daɗe a tashar sojan ruwa ta Legas.