Waiwaye: yadda filin ƙera jiragen ƙasa ya koma gidan caca a Schenectady

Da wuya a ta da maganar gidajen caca a jihar New York ta Amurka ba a jawo sunan garin Schenectady ba. Masu goyon baya su nuna maka bakin kogin Mohawk, inda a da babu komai sai kangon masana'anta, yau ga gidan cacar Rivers, ga otal mai ɗaki 165, ga gidajen haya da wurin ɗaure ƙananan jiragen ruwa. Masu adawa kuma su ce a buɗe takardun kuɗin shiga a gwada da alkawarin da aka yi tun farko. Batun sauran lasisin gidajen caca uku na yankin birnin New York ya ƙara rura wutar gardamar. Amma duka ɓangarorin biyu daga 2013 suke fara ƙirga, alhali a ganina an riga an gama magana shekara 12 kafin nan.

Farkon labarin sananne ne. Tun 1848 ake ƙera kan jirgin ƙasa a garin, a 1886 kuma Thomas Edison, mai ƙirƙire-ƙirƙiren kayan lantarki, ya kawo masana'antarsa, wadda ta zama tushen General Electric. Yawan jama'a ya haura 95,000 a 1930. A 1969 kamfanin ALCO ya daina ƙera jirage, ayyukan masana'antu suka yi ta raguwa, har ƙidayar 2010 ta sami mutum 66,000 da 'yan kai. Filin ALCO ya zauna da gurɓatacciyar ƙasa, babu mai marmarinsa. A Nuwamban 2013 masu zaɓe suka amince a gyara tsarin mulkin jihar don a ba da lasisin gidajen caca har bakwai, aka zaɓi Schenectady a Disamban 2014, aka buɗe Rivers a filin na ALCO a Fabrairun 2017 bayan kashe kimanin dala miliyan 330.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Oktoban 2001. Makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, baitulmalin jihar ya shiga halin ni-'yasu: harkokin kuɗi na kudancin Manhattan a birnin New York, inda aka kai harin, waɗanda ke kawo haraji mai tsoka, sun tsaya cik. Ga kuma 'yan jihar suna kwasar kuɗinsu zuwa Atlantic City, garin caca na jihar New Jersey, da manyan gidajen caca biyu na ƙabilun asalin Amurka da ke jihar Connecticut. Cikin wannan yanayi aka yi dokar da ta ba da damar ƙarin gidajen cacar ƙabilu, ta kuma yarda a kafa injunan caca a filayen sukuwar dawaki.

Sai dai akwai cikas. Tsarin mulkin jihar ya hana caca, in ban da 'yan ƙofofi da aka bari a buɗe, irin su cacar sukuwa, da ta ƙungiyoyin jinƙai, da lotirin gwamnati wanda aka halatta a 1966 da sharaɗin ribarsa ta tafi makarantu. Injin kalo-kalo ba ya cikinsu. Ta ƙofar lotirin aka shigo da shi. Mutum zai zauna gaban allo, ya zura kuɗi, ya danna, hotuna su yi ta juyawa, ƙararrawa ta kaɗa in ya ci. A idonsa babu bambanci da injin Las Vegas. A bayan fage kuwa, injin ba ya yanke komai. Wata babbar kwamfuta ce can nesa ke zaro masa sakamako daga tarin tikitin da aka riga aka tsara, kamar katin da ake kankarewa. Aka kai ƙara, a 2005 kotun ƙolin jihar ta ce wannan lotiri ne. (Hedikwatar lotirin jihar, ga mai son sani, a cikin Schenectady take.)

Na farkon waɗannan wuraren injuna a filayen sukuwa an buɗe shi a Janairun 2004 a Saratoga, tafiyar da ba ta wuce rabin awa da 'yan mintuna a mota daga Schenectady. Kafin 2013 sun kai tara a faɗin jihar. Wannan ya sauya abu biyu. Kasafin makarantu ya saba da kuɗin injuna, kuma abin da kasafi ya saba da shi ba a cire shi da sauƙi. Jama'a ma ido ya saba. Ranar da aka je rumfar zaɓe, tambayar da ke zukatan mutane ba ta "a kawo caca ko kada a kawo" ba ce, don caca ta daɗe da shimfiɗa tabarma. Abin da ya rage shi ne wane gari zai samu rabonsa, tunda dokar 2013 ta ware kashi 10 na harajin ga gari da gundumar da suka karɓi baƙuncin gidan. Garin da masana'antu suka watse suka bar shi da harajin gidaje mai nauyi ba ya buƙatar dogon lallashi.

Wannan dokar ta 2001 ce kuma ke bayyana dalilin da ya sa ciniki bai kai hasashe ba. Masu cacar yankin sun shekara 13 suna zuwa Saratoga kafin Rivers ya buɗe ƙofa, ga gidan cacar Turning Stone na ƙabilar Oneida can yamma da garin tun 1993. Kasuwar a rabe aka same ta, sannan a 2018 aka buɗe wani babban gidan a Springfield ta jihar Massachusetts, shi ma tsohon garin masana'antu mai neman mafita iri ɗaya. Harajin injunan Rivers ya fara ne da kashi 45, mafi tsada cikin sabbin gidaje huɗun da aka fara ba lasisi, daga baya aka sauke shi zuwa 30. A Yulin 2019 a Rivers aka karɓi cacar wasanni ta farko da doka ta yarda da ita a jihar, mutane suka yi layi a kanta. A Janairun 2022 aka halatta yin ta ta wayar hannu, da harajin kashi 51, kuma tun daga lokacin kusan duk cacar wasannin jihar ta waya ake yin ta.