Begijnhof

Begijnhof, wanda Faransawa ke kira béguinage, rukunin gidaje ne da aka kewaye da katanga, aka gina shi domin wasu mata 'yan Katolika da ake kira Begin. Irin wannan unguwa ta fi yawa a yankin Flanders na ƙasar Beljiyam da kuma Holan, akwai kuma a arewacin Faransa da yammacin Jamus. Mafi yawansu an kafa su ne a ƙarni na 13.

Matan da ke ciki

Begin ba sistoci ba ne, duk da shigarsu ta yi kama. Sista takan yi wa'adin har abada, ta bar dukiya, ta rufe kanta a gidan ibada. Ita kuwa Begin alƙawarinta biyu ne: ba za ta kusanci namiji ba, kuma za ta yi biyayya ga shugabar gida, muddin tana zaune a wurin. Dukiyarta tata ce. Ranar da ta ga damar aure, sai ta tattara kayanta ta fita, babu mai tsine mata. 'Yan mata da zawarawa ne suka fi shiga, musamman waɗanda suka baro ƙauye zuwa biranen saƙa neman abin kai, da waɗanda iyayensu ba su da kuɗin da gidajen sistoci ke nema kafin su karɓi mace.

Da guminsu suke ci. Suna wanke ulu, suna kaɗi da saƙa, suna wankin tufafi su shanya a fili, daga baya suka shahara da saƙar leshi. Suna jinyar marasa lafiya, suna koya wa yara mata karatu, suna zama wajen majinyaci har rai ya fita, su shirya gawar. Ƙungiyoyin masaƙa maza ba su cika son wannan ba, domin matan na karya musu kasuwa.

Yadda aka tsara ginin

Ginin kansa yana faɗin irin zaman da ake yi a ciki. Akwai katanga, wani wurin har da ramin ruwa, da ƙofa ɗaya ko biyu wadda ake buɗewa da safe, matan su fita aiki cikin gari, a kulle ta da dare. Coci yana tsakiya. Kusa da shi akwai gidan jinya na tsofaffi, da gidan shugabar, wadda matan ke zaɓa daga cikinsu. Mai hali takan sayi haƙƙin zama a ƙaramin gida har ƙarshen ranta, in ta rasu gidan ya koma hannun jama'ar Begin. Sababbin shiga da marasa ƙarfi kuwa sukan haɗu a babban gida ɗaya, su yi aiki tare. Gidaje da yawa na da 'yar katanga a gaba da ɗan lambu, kuma a jikin ƙofa sunan wani waliyyi ake rubutawa maimakon sunan mai gida.

Tsarin iri biyu ne. Wani gidajen ne ke zagaye fili guda kamar tsakar gida, wani kuma ƙaramin gari ne da lunguna da gadoji. Na birnin Bruges shi ne misalin na farko. Margaret, mai sarautar Flanders, ta kafa shi a 1245. Sai ka haye 'yar gada, ka bi ta ƙofar da aka gina a 1776, sannan ka tarar da fararen gidaje sun kewaye fili mai ciyawa da dogayen itatuwa, shiru kamar ba a tsakiyar birnin 'yan yawon buɗe ido ba. A 1927 sistocin ɗariƙar Benedict suka tare a wurin. Na Leuven kuwa, wanda ya samo asali wajen 1232, yana da faɗin kusan hekta 3, kogin Dijle ya ratsa shi, gidajensa na jan bulo ne, yawancinsu na ƙarni na 17.

Tarihi

A 1216 malamin coci Jacques de Vitry ya samo wa irin waɗannan mata amincewar baka daga Paparoma Honorius na Uku. Sarauniyoyin Flanders biyu 'yan'uwa, Joanna da Margaret, sun ba su filaye da kariya. Joanna ce ta tallafa wa na Kortrijk a 1238. Sarkin Faransa Louis na Tara ma ya gina ɗaya a Faris.

Amma mata masu ibada ba tare da miji ko shugaban ɗariƙa a kansu ba sun tsole wa manyan coci ido. A 1310 aka ƙone wata Begin mai suna Marguerite Porete a Faris saboda littafin sufanci da ta rubuta, sannan taron majalisar coci da aka yi a birnin Vienne na Faransa daga 1311 zuwa 1312 ya la'anci tafarkin Begin. A Jamus da Faransa abin ya yi musu illa ƙwarai. A Flanders kuwa bishop-bishop sun tsaya musu, kuma katangar ta taimaka: mata da ke zaune a wuri guda, ƙarƙashin doka da limami, sun fi sauƙin karewa fiye da masu yawo.

A Amsterdam, bayan 'yan Furotesta sun karɓe mulkin birnin a 1578, an ƙwace cocin matan aka ba wa masu ibada da Ingilishi a 1607, amma gidajen suka tsira domin mallakar matan ne, ba na coci ba. Sai suka mayar da gidaje biyu ɓoyayyen ɗakin ibada, daura da tsohon cocin nasu. A Flanders kuwa ƙarni na 17 ne lokacin bunƙasa, shi ya sa gine-ginen katako suka koma na bulo da dutse. Zuwan mulkin Faransa a ƙarshen ƙarni na 18 ya mayar da kadarorinsu hannun hukumomin kula da gajiyayyu na birane, daga nan yawansu ya yi ta raguwa. A Ghent hukumar birni ta matsa musu har suka ƙaura zuwa sabuwar unguwa da aka gina musu a Sint-Amandsberg a 1874.

Halin da suke ciki yanzu

Jami'ar Leuven ta sayi Begijnhof na birnin a 1962 ta gyara shi, yau ɗalibai da malamai baƙi ke kwana a ciki. Wasu sun zama gidajen tsofaffi ko gidajen tarihi, na Amsterdam kuma har yanzu mata ne kaɗai ke haya. A 1998 UNESCO ta sa guda 13 na Flanders cikin kayan tarihin duniya, ciki har da na Lier, Diest, Mechelen, Turnhout da Tongeren. Begin ta ƙarshe ita ce Marcella Pattyn, wadda aka haifa a Kongo a 1920. Gidajen sistoci sun ƙi karɓarta saboda kusan ba ta gani, Begin suka karɓe ta a 1941. Ta rasu a Kortrijk ranar 14 ga Afrilu, 2013, tana da shekara 92.