Mene ne bes, kuma me ya sa yake wahalar da ƙaramar sifika?

Bes shi ne ɓangaren sauti mai kauri, na can ƙasa, wanda ake jinsa a ƙirji kafin ma kunne ya gama tantance shi: dukan babbar ganga, rugugin hadari daga nesa, gurnanin tirela a hanyar Jos. Ana auna kaurin sauti da haz, wato sau nawa iska ke kaɗawa cikin daƙiƙa ɗaya; ƙarancin haz shi ne kaurin sauti. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga haz 20 zuwa 20,000, bes kuma yana zaune ne daga 20 zuwa wajen 250.

Shiga shagon kayan sauti a Wunti ka ce kana son mai bes. Mai shago zai murɗa makunnin har ƙarshe, ya nuna maka kwali ya ce, "Alhaji, duba wat ɗinta." Idan ka ga haruffan PMPO a gefen lambar wat ɗin, wato ma'aunin ƙarfin wuta, kada ta ruɗe ka, ado ne na talla. Lambar da aka rubuta wa RMS ita ce mai ɗan faɗin gaskiya, ita ma ƙarfin wuta take nunawa. Ba ta gaya maka zurfin da sautin zai kai.

Aikin sifika tura iska ne. Takardar nan mai siffar mazurari tana fita tana komawa, kuma sauti mai kauri yana cin iska da yawa. Idan kana son haz 50 ya fito da ƙarfin haz 100, sai takardar ta yi tafiya ninki huɗu. Mai faɗin inci 12 tana yi cikin sauƙi. Mai inci 3 kuwa sai ta kai iyakarta ta fara ɓarɓar, kwayil ɗinta, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, ya ɗau zafi. Ƙarin desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 6 kacal a makunnin bes yana neman wuta ninki huɗu, shi ya sa sifikun da aka matsa wa lamba ke ƙarewa a teburin mai gyara.

Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da suke jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kayan sauti na KLH a Amurka a 1957: ƙaramin akwati, zurfin bes, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Duk dabarun da ke kasuwa ciniki ne da wannan ƙa'ida.

Wadda ta fi yawa ita ce ramin da kake gani a gaba ko bayan akwatin, dabarar da Albert Thuras ya samu rajistarta a 1932. Yana aiki kamar yadda kwalbar lemo ke yin "huuu" in ka hura bakinta: iskar ciki tana da muryarta, an daidaita ta ta taimaki takardar a daidai inda ƙarfinta ke ƙarewa. Amma ƙasa da wannan muryar, sautin yana faɗuwa nan take. Ƙananan sifikun bulutut da samari ke ratayawa suna amfani da faifan roba marar waya a gefe, aikinsu ɗaya da ramin. Wasu ma wayo suke yi wa kunne: in aka ba shi haz 100 da 150 da 200 tare, ƙwaƙwalwa sai ta cike gurbin 50 da kanta. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba, tunda yana da daɗin ji, amma kujera ba za ta girgiza ba.

Abin da ya fi tasiri a gida kyauta ne. Matsar da sifika kusa da bango, bes zai ƙaru, a kusurwa ya ƙara ƙaruwa. Sai dai ɗakunanmu na bulo da tayil suna mayar da sauti sosai, in ya yi yawa sai ya koma gunji, muryar mai karatu ko mawaƙi ta nutse. A riƙa matsarwa kaɗan-kaɗan ana saurare, kuma in ramin a baya yake, a bar masa kamar taƙi ɗaya ko biyu ya sha iska. A duba wayoyi ma: ja ga ja, baƙi ga baƙi. In aka juya na sifika ɗaya, tana turawa ɗayar tana ja, sai su cinye bes ɗin juna.

Wanda yake son na gaske, sai sabwufa, akwatin da ba shi da aiki sai bes. Yawanci ana raba aikin a haz 80: ƙasa nata, sama na ƙananan, su ma sai su huta su fito tas. Kunne ba ya iya gane inda irin wannan sauti ke fitowa sosai, don haka ba dole ta zauna gaban talabijin ba. Ɗora ta a kujerar da kake zama, kunna waƙa, ka zaga ɗakin a durƙushe, inda ka ji bes ya fi daidaita nan ne mazauninta. In kuma ka ji wani kakarakar, kafin ka zargi sifika, dafa silin roba da gilashin taga da kwanukan jeren uwargida da ke kabet.