Shimfiɗa sabnet ɗaya a wurare biyu da rauta ta haɗa

Sabnet rukuni ne na adireshin IP wanda na'urorin cikinsa ke magana da juna kai tsaye, ba tare da rauta, na'urar da ke kai saƙo daga wani rukuni zuwa wani, ta shiga tsakani ba. Rukunin 192.168.10.0/24, alal misali, yana ɗaukar na'ura 254; alamar /24 ɗin ce ke nuna girman rukunin. Shimfiɗa shi na nufin a sa rukunin nan ɗaya ya yi aiki a gine-gine biyu masu nisa, a ce babban ofishi a Garki da reshe a Kubwa, har kwamfutar reshe ta ɗauka cewa suwic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa wayoyin na'urorin wuri guda, take kai da saba, kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da ke Garki.

Inda gizo ke saƙar

Idan kwamfuta ta ga adireshin da take nema yana cikin rukuninta, ba ta miƙa saƙon ga ƙofar fita, wato rautar da ke fitar da saƙo daga rukunin. Shela take yi ga dukan rukunin ta ƙa'idar da ake kira ARP, tana tambayar mai wannan adireshi ya turo lambarsa ta MAC, wato lambar katin sadarwarsa. Rauta kuwa ba ta tsallakar da shela, don haka aka ƙera ta. Saboda haka ba wa ɓangarorin biyu rukuni iri ɗaya kawai ba ya haɗa su: shelar Kubwa a Kubwa take mutuwa.

Hanyoyin da ake bi

Tsohuwar dabara ita ce Proxy ARP, wadda aka bayyana a takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 1027 a 1987. Ana raba rukunin gida biyu, 1 zuwa 126 a Garki, 129 zuwa 254 a Kubwa, kwamfutoci su ci gaba da riƙe /24, kowace rauta kuma ta riƙa amsa ARP a madadin na'urorin ɗaya ɓangaren. Saƙo yana wucewa, amma sauran shela ba ta wucewa, don haka manhajar da ke lalubo sabarta ta shela ba za ta gan ta ba.

Cikakkiyar shimfiɗawa sai da rami, wato a naɗe dukan ƙunshin Ethernet, saƙon da ke bi ta wayar cikin ofishi, cikin fakitin IP a tura shi ɗaya gefen. Akwai L2TPv3 na RFC 3931, da VXLAN na RFC 7348 da ke bi ta tashar UDP 4789, da GRETAP a Linux, da EoIP na kamfanin MikroTik, wanda ƙananan ofisoshi kan ɗauka saboda arhar na'urorinsa. Manyan kamfanonin sadarwa kuma suna sayar da irin wannan haɗi ta VPLS ko EVPN.

A EoIP, da farko sai an tabbatar rautocin biyu suna ganin juna ta adireshinsu na waje. Sannan a buɗe rami a kowace rauta, a ba ta adireshin takwararta, a sa lambar rami iri ɗaya a gefen biyu. Lamba ta saɓa, rami ba ya aiki. Sai a kafa gada a cikin rautar, wato a haɗa ramin da kafar da ke zuwa suwic. Ramin ba ya ɓoye bayanai da kansa, dole a lulluɓe shi da IPsec ko WireGuard, masu ɓoye bayanai, idan ta intanet zai bi. Layin waya na 4G yawanci ba ya ba da adireshi na fili, don haka a irin wannan reshe WireGuard ake fara ɗaurawa, rami ya bi ta cikinsa.

Abin da ke lalacewa

Girman fakiti ne ya fi wahalar da masu haɗi. Ethernet na ɗaukar bayit 1500. EoIP na cin 42, saura 1458. VXLAN na cin 50, saura 1450. EoIP a cikin WireGuard mai 1420 yana barin 1378 kacal. Alamar ciwon sananniya ce: ping, ɗan saƙon gwajin haɗi, na tafiya lafiya, amma shafi ya maƙale, kwafar fayil ta tsaya. Ana gwadawa a Windows da ping -f -l 1472, ana rage lambar har saƙo ya wuce, sai a ƙara 28 a sami girman hanyar na gaskiya. Maganinsa a datse MSS, wato iyakar bayanan da ake zuba wa fakiti ɗaya, zuwa wannan girma ban da 40.

DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, ɗaya ya kamata a bari. Idan biyu ne, kwamfutar Kubwa na iya karɓar ƙofar fitar Garki, ko na'urori biyu su samu adireshi guda. Idan kuma ƙofar fita ɗaya ce a Garki, duk intanet ɗin reshe sai ya bi ta can, ya cinye layin. Ranar da masu aikin titi suka tsinka fayiba, ko janareton Garki ya ƙi tashi bayan an ɗauke wuta, Kubwa ta rasa intanet gaba ɗaya, ta kuma daina samun sabon adireshi, ko da layinta lafiya lau yake.

Mafi muni shi ne zagaye. In aka ƙara hanya ta biyu, a ce rediyo a kan hasumiya, ba tare da kunna STP, tsarin da ke hana zagaye, ba, shela za ta yi ta kewaya har ofisoshin biyu su durƙushe tare.

Shi ya sa ƙwararru ke keɓe shimfiɗawa ga larura, kamar ƙaurar da saba ba tare da canza adireshinta ba, ko tsohuwar manhajar lissafi da ba ta aiki sai da shela. Ko a nan ma VLAN ɗin da ke buƙata, wato sashen na'urorin da aka keɓe a suwic, kaɗai ake shimfiɗawa, a kuma sa ranar cire ramin. Ga sauran na'urori, Garki ta riƙe 192.168.10.0/24, Kubwa ta karɓi 192.168.20.0/24, a rubuta wa kowace rauta hanyar zuwa ɗaya rukunin.