Dokar SELinux a kan libvirtd: mi ya sa take hana baƙuwar kwamfuta tashi

Ran Talata da la'asar ƙanena ya kira ni daga wani ɗan ofis nan wajen Mabera inda yake koyon aikin kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi ma sauran hidima, muryarshi duk ta sauya, wai Yaya injin da ke riƙe da bayanan ofis, ɗaya daga cikin kwamfutocin da sunka ƙirƙira a cikin sabar, ya ƙi tashi, kuma oga na tsaye a kanshi. Na ce mi kake gani a sikirin? Ya ce "Permission denied" kawai take rubutawa, ya yi chmod 777, ya shiga a matsayin root mai cikakken iko a kwamfutar, duk a banza. Sai na tambaye shi ko sun taɓa wurin ajiyar diski, ya ce eh, jiya sunka sayo sabon diski babba sunka ɗaura shi a /data sunka kwashe fayilolin injinan zuwa /data/vm. Kafin in rufe baki ya ƙara da cewa ai ya ga wani ya rubuta a buga setenforce 0 komai ya wuce. Na ce kul, ɗaga hannunka daga kibod ɗin nan tukuna.

Abin da ya kama shi dokar tsaro ce mai suna SELinux, kuma aikinta take yi daidai. A Linux dokar izini iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, mai fayil shi ke cewa wane ya karanta wane ya rubuta, ita ce ta chmod da chown, kamar ɗan haya da makullin ɗakinshi, wanda ya ga dama ya ba. Ta biyu ta dole ce, daga sama take, a cikin kanel, wato zuciyar Linux, ake zartar da ita kuma mai fayil ba ya da ta cewa, ko root ne ya kunna shiri indai shirin ya faɗa cikin rukunin da anka taƙaita to ba ya ƙetare iyakar rukunin. Ana fara duba ta farko, in ta yarda sannan a miƙa ma ta biyu, shi ya sa 777 ɗin ƙanena bai tsinana komai ba, ƙofar da ya buɗe daban wadda ke rufe daban. Kuma ƙa'idarta mai sauƙi ce, duk abin da ba a rubuta an halatta ba to an hana. SELinux ke nan, hukumar leƙen asirin Amurka NSA ce ta fitar da shi a 2000, ya shiga kanel ɗin Linux a 2003, yau shi ke kunne kai tsaye a Red Hat da Fedora da Rocky da AlmaLinux, har Android ɗin da ke aljihunka da shi take aiki.

To mi ya haɗa shi da injinan baƙi? Ka ga ita saba ita ce mai masauki, kwamfutocin da kake ƙirƙira a cikinta baƙi ne, kuma wanda ke karɓar baƙin ya ba su ɗaki ya kunna ya kashe wani ɗan aike ne da ke gudana a bayan fage ba ka ganinshi, sunanshi libvirtd, a sababbin sigogi kamar RHEL 9 an rarraba aikin sai ka ga virtqemud da 'yan uwanshi. Kowane baƙo a idon mai masauki shiri ɗaya ne na qemu, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, kuma ga inda gizo ke saƙar, duk baƙin nan da sunan mai amfani guda suke gudana, wato qemu. Ma'ana a dokar farko babu katanga tsakaninsu, in ɓarawo ya fasa baƙo ɗaya ya faɗo waje to diskin sauran duka nashi ne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a Mayun 2015 an bayyana wata ɓaraka da anka kira VENOM a cikin sashen qemu mai kwaikwayon tsohon faifan fulofi, abin da kusan ba mai amfani da shi, amma ta nan mutum na iya fita daga cikin baƙo ya taɓa mai masauki.

Maganin da anka yi ma wanga matsala shi ake kira sVirt, ya shiga libvirt a 2009. Duk wanda ya taɓa zuwa Kara gab da babbar sallah ya san yadda ake yi, raguna ɗaruruwa wuri guda, duk raguna ne, amma kowane dillali ya shafa ma nashi fenti, wannan ja a goshi da shuɗi a gindi, wancan kore da baƙi, ba ka kama na wani ka ce naka ne. Haka libvirtd ke yi. A SELinux kowane shiri da kowane fayil na da tambari. Shi kanshi libvirtd tambarinshi virtd_t, kowane baƙo kuma svirt_t, amma a ƙarshen tambarin akwai lambobi biyu da ake zaɓowa tsakanin c0 da c1023. Buga ps -eZ | grep qemu za ka ga abu kamar system_u:system_r:svirt_t:s0:c214,c703. Sai ka duba diskin wannan baƙon da ls -Z, za ka tarar an lanƙaya mashi svirt_image_t da lambobin nan guda biyu, c214,c703. Baƙon da ke kusa da shi nashi lambobin daban. Fenti bai zo ɗaya ba, ba taɓawa, ko da kuwa duk qemu ne sunansu. Lokacin kunnawa ake shafa fentin, in an kashe injin a goge, gobe in ka kunna lambobi su canza, ba ruwanka da zaɓensu, kuma ni shawarata ka bar shi ya zaɓa da kanshi sai in kana da ƙwaƙƙwaran dalili.

Yanzu a koma kan ƙanena. Gidan da doka ta sani na ajiye diskin baƙi shi ne /var/lib/libvirt/images, tambarin wurin virt_image_t. Su kuma sun ƙirƙiro /data, wurin da doka ba ta san da zamanshi ba, irin wannan yakan tashi da default_t, wanda baƙo ba ya da izinin shiga. Gyaran layi biyu ne, ka faɗa ma doka cewa wanga wuri ma ma'ajiyar diski ce, sannan ka sa a shafa tambarin:

semanage fcontext -a -t virt_image_t "/data/vm(/.*)?"
restorecon -Rv /data/vm

In ta ce ba ta san semanage ba, sako policycoreutils-python-utils. Akwai chcon ma, yana canza tambari nan take amma ba ya rubutawa a kundin doka, ranar da anka yi restorecon sai ya goge, ka dawo kana ta mamaki mi ya faru. Wani tarkon da ke kama mutane da yawa shi ne bambancin mv da cp, in ka yi cp sabon fayil yana ɗaukar tambarin gidan da ya sauka, in ka yi mv da tsohon tambarinshi yake tahowa, don haka ISO ɗin, wato fayil ɗin saka sistem, da ka sauke a /root ka jefa shi can da mv yana nan da fentin /root a jikinshi.

Wani lokacin kuma ba tambari ba ne, makunni ne. Dokar ta zo da wasu maɓallai a kashe, sai ka kunna wanda kake buƙata, getsebool -a | grep virt zai jero maka su. In diskin baƙi na kan NFS, wato ma'ajiyar da ke wata kwamfuta ta hanyar netwok, to setsebool -P virt_use_nfs on, na Samba, ma'ajiyar netwok irin ta Windows, virt_use_samba, na USB virt_use_usb. Kar ka manta -P ɗin nan, in babu shi da an ɗauke wuta saba ta sake tashi saitin ya tafi, mu kuwa nan a zafin Afrilu ai mun san sau nawa ake ɗaukewa a yini.

Abin da ya fi burge ni a dokar ga shi ne yawanci ba ta hana ka a ɓoye, mafi yawan hanin da ta yi tana rubuta shi a /var/log/audit/audit.log. Buga ausearch -m avc -ts recent, za ka ga wa ya nema a scontext, mi ya nema a tcontext, da irin aikin da anka hana. Rabin gyara yana cikin layin nan. Akwai audit2allow mai juya hani ya koma izini, amma wallahi a yi hattara da shi, shi ba ya tambaya, duk abin da ya gani a rajista halatta shi yake, kana iya ba baƙi izinin shiga duk wani default_t na saba alhali tambarin folda ɗaya ne bai yi daidai ba.

Shi kuwa setenforce 0 yana maida dokar mai kallo kawai, ta rubuta ba ta hana. Na minti biyar don ka tabbatar ko SELinux ne mai laifi, ba komai, ka mayar da setenforce 1 nan take. Amma barinshi haka tamkar an wanke fentin ragunan duka ne. Kashe shi ɗungurungum ya fi muni, don duk fayilolin da anka ƙirƙira lokacin ba su da tambari, ranar da ka so dawowa sai an bi diski gaba ɗaya an sake lanƙayawa da touch /.autorelabel, a babban diski ka zauna ka jira kana addu'a kar janareta ya mutu. Masu Ubuntu da Debian ku naku AppArmor ne, shi da hanyar fayil yake aiki ba tambari ba, libvirt na rubuta ma kowane baƙo tashi dokar, waɗannan umarnin ba za su yi maku ba.

Ƙanena ya buga layukan nan biyu ina kan waya, na ji ya yi shiru, sai ya ce Yaya ya tashi. Na ce buga getenforce ka karanta mani, ya ce Enforcing. Sai ya ce to dama oga na maganar mako mai zuwa za su maida diskin kan NFS, na ce ka rubuta virt_use_nfs a takarda ka manna jikin saba, da -P ɗinshi.