Inshora ba ta masu mota kaɗai ba ce

Masu kwangilar fenti da dama a Katsina sun ɗauka inshora takarda ce ta nuna wa jami'an hanya. A ganinsu kuma, idan yaro ya faɗo daga tsani a wurin aiki, mai gidan ne zai ɗauki nauyi. Ba haka abin yake ba. Wanda ya ɗauko yaron aiki, shi doka ta fara kallo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba, daga aljihunsa, kwatankwacin kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da diyyar ma'aikata, daga nan ake biyan magani da diyya.

Akwai kuma inshorar ɓarnar da aka yi wa wani. A ce kana fesa fenti a bene a Ƙofar Kaura, iskar hunturu ta kwashe shi ta yayyafa wa motar maƙwabci. Gyaran zai iya cinye ribar kwangilar kaf.

Masu gudun kuɗin ruwa, kuma suna da hujja, sai su nemi takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013.